Dillali a gaban alƙali: wa yake karewa idan rigimar haya ta kai kotu a Ingila?

Ranar 27 ga Oktoban 2025 sabuwar dokar haƙƙin 'yan haya ta Ingila ta samu amincewar Sarki Charles. Kwana biyu kacal bayan nan sai ga jaridu sun bankaɗo cewa ministar kuɗin ƙasar, Rachel Reeves, ta zuba 'yan haya a gidanta da ke kudancin Landan ba tare da lasisin da ƙaramar hukumar Southwark ta wajabta a unguwar ba. Ta bar gidan ne lokacin da ta tare a gidan gwamnati na titin Downing bayan zaɓen 2024, ta damƙa shi a hannun wani kamfanin dillancin gidaje. Da aka tono saƙonnin imel, sai aka ga ashe wani ma'aikacin kamfanin ya ce zai nemi lasisin, amma ya ajiye aiki kafin 'yan hayar su tare, maganar ta bi ruwa. Kamfanin ya fito ya ba da haƙuri. Firaminista Keir Starmer da mai ba shi shawara kan ɗa'ar ministoci suka ce magana ta wuce.

A siyasance ta wuce, a dokance kuwa da sauranta. Haƙurin da dillali ya bayar bai sauke nauyin daga wuyan mai gida ba. Da 'yan hayar za su ga dama, suna da ikon zuwa kotun gidaje su nemi a mayar musu da kuɗin hayar da ya kai na wata 12, kuma a yadda jaridu suka ruwaito, fam 3,200 ake biya duk wata. Lissafa ka gani, ya haura fam dubu 38. Sunan da za a rubuta a takardar ƙarar kuma na minista ne, ba na kamfanin da ya yi sakacin ba.

To idan mai riƙe da baitulmalin ƙasa za ta faɗa wannan rami, ina ga Alhajin da ke zaune a Kano ko Abuja yana da ɗan falat a Landan da bai taka ƙafa cikinsa ba shekara uku? Ina ga 'yar uwarmu ma'aikaciyar jinya a Manchester da ta yi ta tari ta sayi gida na biyu ta miƙa wa ejan don aiki ba ya barinta? Ina ga samarinmu da suka shiga sana'ar nan ta karɓar gida haya su yanka shi ɗaki-ɗaki su sake bayarwa? Sannan ga mu mafiya yawa, 'yan haya, waɗanda ba mu taɓa ganin fuskar mai gidan ba, dillali kawai muka sani, shi ke karɓar kuɗi, shi ke aiko da wasiƙa, kuma ranar da aka je gaban alƙali shi za mu tarar a ɗaya ɓangaren teburin. Daga 1 ga Mayun 2026, ranar da gwamnati ta tsayar don fara aiki da babban kason dokar, wannan zama na gaban alƙali zai yawaita. Shi ya sa ya kamata a san wane ne dillali a wannan ɗaki, me doka ta ba shi dama ya yi, kuma bakin wa yake magana.

Da farko dai kotunan iri biyu ne, kuma mutane na yawan haɗa su. Akwai kotun gunduma, wadda ita kaɗai ke da ikon ba da umarnin a fitar da mutum daga gida. Akwai kuma kotun musamman ta gidaje, wato taraibunal irin wadda muka saba jin sunanta a rigimar zaɓe a gida, sai dai wannan ta haya da kadarori ce. An kafa ta a wannan tsari nata na yanzu a 2013, tana da ofisoshi biyar: Landan, Manchester, Birmingham, Cambridge da Havant a can kudu. Ita ke duba ƙorafin ƙarin kuɗin haya, da neman a mayar wa ɗan haya kuɗinsa idan mai gida ya karya doka, da ɗaukaka ƙara kan tarar da kansul ta ci mai gida ko dillali, da kuɗaɗen da dillalai ke karɓa ba bisa ƙa'ida ba. Ba a sa hular gashin nan ta alƙalai a cikinta. Yawanci alƙali ne da wani masanin ƙimar gidaje a gefensa, wani lokaci da mutum na uku, kuma zama da yawa ta bidiyo ake yinsu, wasu ma a takarda kawai ake yanke hukunci.

Bambancin da ya shafi dillali shi ne wannan. A kotun gunduma hannunsa a ɗaure yake. Dokar ayyukan lauyoyi ta 2007 ta keɓe gudanar da shari'a da tsayawa gaban alƙali ga waɗanda aka ba izini, kuma wanda ya kutsa kai ba izini laifi ya aikata. Dillali zai iya zuwa a matsayin shaida, zai iya tattara wa mai gida takardu, amma ba shi zai sa hannu a takardar ƙara ba, ba shi zai tashi ya yi magana a madadin mai gida ba sai in alƙali ya ga dama ya ƙyale shi. A 2023 Babbar Kotu ta duba wannan a shari'ar Baxter da Doble, inda wata mai kamfanin taimaka wa masu gidaje fitar da 'yan haya ta shirya takardu, ta aika kotu, ta biya kuɗin shigar da ƙara, ta ɗauko mai tsayawa. Alƙali ya ce idan aka haɗa waɗannan duka, ai gudanar da shari'a ke nan. Ta tsira daga hukunci ne kawai saboda kotu ta yarda cewa dokar na da duhu a lokacin, ba ta san ta ƙetare layi ba. Wanda ya yi bayan wannan hukunci da wuya ya samu irin wannan uzuri.

A kotun gidaje kuwa ƙofa a buɗe take. Ƙa'ida ta 14 a kundin ƙa'idojinta ta ce kowane ɓangare na iya naɗa wakili, lauya ne ko ba lauya ba. Abin da ake buƙata kawai a sanar da kotu da ɗaya ɓangaren sunan wakilin da adireshinsa a rubuce. Daga nan duk abin da mai ƙara zai iya yi, wakili zai iya yi masa, in ban da sa hannu a takardar shaida, wannan sai mai ita. An yi haka ne da niyya mai kyau, don talaka ya iya zuwa da ɗan uwansa ko wani daga ƙungiyar 'yan haya ba sai ya biya lauya ba. Amma wanda ya fi kowa cin moriyar wannan sauƙi shi ne dillali. Shi ke da fayil, shi ya san gidan, kuma mai gida na ganin ai la'adar da yake cirewa duk wata ta ƙunshi har da wannan.

A nan gizo ke saƙar. Dillalin da ya zauna a kujerar wakili, sau da yawa shi ne kuma babban shaida, don shi ya karɓi kuɗi, shi aka aika wa hoton rufin da ke yoyo, shi ya amsa ko ya ƙi amsawa. Kuma a shari'o'in lasisi, sau da yawa shi ne ma silar laifin. Mutum ɗaya, hula uku. Ka ɗauka mai gida na fuskantar ƙarar mayar da kuɗin haya saboda babu lasisi. Hanya mafi ƙarfi da zai kare kansa ita ce ya nuna yana da uzuri karɓaɓɓe, ko aƙalla ya nuna sakacin ba nasa ba ne don a rage masa. Wato sai ya nuna yatsa ga dillali. To wane dillali ne zai tashi a gaban alƙali ya ce, ranka ya daɗe, kamfanina ne ya yi barci? Lauya yana da hukumar da ke sa masa ido, kuma ƙa'idar aikinsa ta hana shi karɓar shari'ar da maslaharsa ta ci karo da ta wanda yake karewa. Dillali a Ingila babu irin wannan takunkumi a kansa. Zai iya wakiltarka da safe yana kare sunan kamfaninsa da bakinka.

Kuma kada a ɗauka tsoron dillalin na banza ne. Dokar gidaje ta 2004 ba a kan mai gida kaɗai ta rataya laifin rashin lasisi ba. Ta ce duk wanda ke da iko da gidan ko yake gudanar da shi, kuma ma'anar da ta bayar ta haɗa da wanda ke karɓar kuɗin haya a madadin wani. Saboda haka kansul na iya cin tarar kamfanin dillancin shi kansa. Tun dokar 2016 tarar kan kai fam dubu 30 ba tare da an je kotun laifi ba, sabuwar dokar kuma ta ɗaga rufin zuwa fam dubu 40 a manyan laifuka. Duk kalmar da dillali ya furta a shari'ar mai gida, kansul na iya karantawa, tunda hukunce-hukuncen kotun ana wallafa su a shafin gwamnati da sunaye da adireshin gida, kowa ya gani. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Ko da dillalin ya yi gaskiya ya amsa laifinsa, ba lallai mai gida ya kuɓuta ba. A 2022 kotun sama da ke sauraron ɗaukaka ƙara daga kotun gidaje ta yanke hukunci a shari'ar Aytan da Moore, kuma har yau da shi ake aiki. Ta ce da wuya dogaro da dillali ya zama uzuri. Wanda ke son fakewa da shi sai ya nuna abubuwa: cewa a cikin yarjejeniyarsu an ɗora wa dillalin alhakin sanar da shi dokokin lasisi, cewa yana da dalilin amincewa da ƙwarewar dillalin, sannan galibi sai ya nuna dalilin da ya hana shi bincikawa da kansa. Misalin da kotun ta kawo na irin wannan dalili shi ne mai gida yana zaune a ƙasar waje. Ga masu kadara a nan da ke zaune a Najeriya ko Nijar ko Saudiyya wannan 'yar kafa ce, amma fa ba ta aiki sai da sharaɗin farko. Idan takardar da ka sa wa hannu cewa ta yi dillali zai nemo ɗan haya ya karɓi kuɗi kawai, kamar yadda da yawansu suke, to zamanka a Kano bai amfana maka komai ba. Mu kuma al'adarmu ta amana ce: wane ya haɗa ni da shi, yaron kirki ne, ɗan gidan su wane. Alƙali ba ya karanta amana, shafi na nawa yake tambaya.

Lasisin nan kuma ba abu ne da hankali kaɗai zai gaya maka ba. Gidan da mutum biyar ko fiye, waɗanda ba iyali ɗaya ba, ke zaune suna haɗa kicin ko banɗaki, wanda suke kira HMO, dole ne lasisi a ko'ina a Ingila. Amma bayan wannan kowace kansul na iya ƙirƙiro nata tsarin, wata ta ce daga mutum uku, wata ta ce kowane gidan haya a unguwanni kaza ko da iyali ɗaya ne a ciki. Irin wannan na ƙarshen ne ya kama minista. Titi ɗaya na iya shiga, na bayansa bai shiga ba. Tun Disamban 2024 kuma an sakar wa kansuloli mara, ba sai sun nemi izinin gwamnatin tsakiya ba kafin su shimfiɗa babban tsari. Gidan da ba ya buƙatar lasisi lokacin da ka ba da shi haya zai iya wayar gari yana buƙata, wasiƙar kuma ta tafi adireshin da ka bari tun tuni.

Sabuwar dokar ta ƙara wa wannan wuta fetur ta hanyoyi biyu. Ta ninka abin da ɗan haya zai iya nema a mayar masa daga wata 12 zuwa wata 24, ta kuma ninka wa'adin shigar da ƙara zuwa shekara biyu. Sannan ta toshe wata ɓaraka da Kotun Ƙoli ta tabbatar a watan Maris na 2023 a shari'ar Rakusen da Jepsen. Can wani mai falat ne a titin Finchley a Landan ya ba wani kamfani haya, kamfanin ya raba ɗakuna ga mutane daban-daban ba lasisi. 'Yan hayar suka tsallake kamfanin suka kai ƙarar mai falat ɗin, suna neman sama da fam dubu 26. Kotun Ƙoli ta ce a'a, doka ta ba ku damar bin wanda ya ba ku haya kai tsaye ne kawai. Bayan wannan hukunci sana'ar haya kan haya ta zama garkuwa: a kafa ɗan kamfani marar ko sisi a tsakiya, idan an ci shi a kotu a rufe shi a buɗe wani. Yanzu doka ta ce ana iya bin mai gida na sama, ana kuma iya bin daraktocin kamfanin su kansu. Samarinmu da suka biya kuɗin kwas a intanet aka koya musu cewa kamfani ne zai ɗauki komai, su sake lissafi. Haka ma dattijon da aka ce masa, Baba ba mu gidan, haya tabbas duk wata, ba ruwanka da kowa. Yanzu da ruwansa.

Gaskiya ne kotu ba kasafai take ba da cikakken kuɗin ba. Tana cire kuɗin wuta da gas da ruwa idan mai gida ke biya, ta auna girman laifin, ta duba halin kowane ɓangare da ƙarfin aljihun mai gida. Kuma ɗan haya ne zai tabbatar da laifin har ya kawar da shakka, irin ma'aunin kotun laifi. Amma dubi inda mai gida yake tsayawa bayan an ci shi. Ba a ba da umarnin mayar da kuɗin haya a kan dillalin da aikinsa dillanci ne kawai, a kan mai gida ake bayarwa. In yana so ya fanshe, sai ya kai dillalin ƙara daban, ko ya je ɗaya daga cikin hukumomin sasanci biyu da doka ta tilasta wa kowane dillali shiga tun Oktoban 2014. Su kuma iyakar diyyar da suke bayarwa fam dubu 25 ce. Gidan da ake biya fam 1,500 a wata, hayar wata 24 fam dubu 36 ke nan. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Inda aikin wakilcin dillalai zai fi yawa dai ba a nan ba ne, a rigimar ƙarin haya ne. A tsohon tsari ɗan haya na da ikon ƙalubalantar ƙari, amma kaɗan ne ke yi, kuma da dalili. Kotu na iya yanke kuɗin da ya fi wanda mai gida ya nema, tana iya mayar da shi baya ka tashi da bashi, sannan ga takobin sashe na 21 na dokar 1988 a rataye: ka yi gardama a ba ka notis na wata biyu ka kwashe kayanka, ba sai an faɗi dalili ba. Daga Mayu an soke sashe na 21. Ƙari sau ɗaya ne a shekara, da takarda ta musamman da notis na wata biyu. Idan ɗan haya ya kai ƙorafi kafin ranar da sabon kuɗin zai fara, kotu ba za ta wuce abin da mai gida ya nema ba, sabon kuɗin ba zai fara ba sai ta yanke hukunci, kuma tana iya ƙara jinkirta shi har wata biyu ga wanda ke cikin matsi. Ka ga ke nan haɗarin da ke kan wanda ya ƙalubalanta ya ragu sosai.

Ƙungiyoyin masu gidaje da na dillalai sun yi ta kuka cewa kotun za ta cika ta batse. A alƙaluman gwamnati akwai 'yan haya kusan miliyan 11 da masu gidaje miliyan 2.3 a Ingila. Ko ɗan kaso kaɗan ne ya tashi, ofisoshi biyar ba za su ji da daɗi ba. Ita ma gwamnatin ta san da haka, shi ya sa ta ajiye wa kanta ikon dawo da mayar da ƙarin baya idan abin ya gagara. A ganina kukan nasu akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba. Mutumin da ke aikin kula da tsofaffi awa 12 a rana ba shi da marmarin cike fom don nishaɗi. Wanda zai je shi ne wanda aka lafta wa ƙarin da ya fi ƙarfin hankali, kuma dama don shi aka yi dokar.

Abin da kotu ke nema a wannan zama abu ɗaya ne: nawa gidan zai samu in aka sa shi a kasuwa yau, a halin da yake ciki. Ba ruwanta da cewa kuɗin ruwan bankin mai gida ya tashi, ba ruwanta da cewa albashin ɗan haya bai motsa ba. Dillalin da ya zo da hotunan tallace-tallace daga Rightmove kawai bai kawo hujja mai nauyi ba, domin kuɗin da aka nema daban, wanda aka biya daban, kuma masanin da ke gefen alƙali ya san kasuwar unguwar. Wanda ya zo da yarjejeniyoyin gidaje makamantan wannan da aka riga aka bayar, shi ake saurara. A nan dillali ya fi ɗan haya makami, tunda a ofishinsa irin waɗannan takardu suke. Amma ɗan haya na da nasa. Kotu na rage kuɗi saboda danshi da baƙin naso a bango, da tukunyar ɗumama gida da ta mutu, da tsohon kicin, da labule ko firji da kai ka saya da kuɗinka. Hoto mai kwanan wata da saƙon da ka aika ka adana sun fi dogon bayani. Wanda ya kira waya kawai ya yi ƙorafi, kamar bai yi ba ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma fayil ɗin dillali ma ranar ake buɗe shi a ga wata nawa saƙo ya yi ba amsa.

Wani abu da ke hana mutanenmu motsi shi ne barazanar cewa idan ka faɗi za ka biya kuɗin lauyan kamfani. A wannan kotu ba haka ba ne. Ƙa'idarta ita ce kowa ya ɗauki nauyin kansa, ba a ɗora wa wani kuɗin ɗaya ɓangaren sai in ya yi halin da bai dace ba a shari'ar, kuma tun hukuncin Willow Court na 2016 kotun sama ta ce faɗuwa a shari'a ko rashin sanin ƙa'ida kaɗai bai kai wannan matsayi ba. Wanda Turancinsa bai nuna ba yana iya neman tafinta kyauta, in ya faɗa da wuri. Ƙarar haya kuma ba ƙarar biza ba ce. Abin da ya kamata mutum ya sani kafin ya shiga shi ne wancan na wallafa hukunci, sunansa zai fito a intanet, kuma wani dillalin na iya bincikawa gobe. Wannan tsoro ne na gaske, ba zan ce ba shi da tushe ba, musamman ga baƙon da dama da ƙyar ya samu wanda zai ba shi gida. Dokar ta hana karɓar fiye da hayar wata ɗaya a gaba, abin da ke da kyau a takarda, amma da yawanmu da biyan wata shida a dunƙule muka samu shiga saboda ba mu da mai tsaya mana. Yadda dillalai za su yi da irinmu bayan Mayu, wannan wani sharhi ne na daban.

Abin da ya fi ba ni mamaki a duk wannan gyara shi ne an taɓa kowa ban da mutumin da ke tsakiya. A Ingila yau ba a buƙatar ko takardar shaida ɗaya kafin mutum ya buɗe ofishin dillancin haya. Ya shiga hukumar sasanci, ya yi inshorar kuɗin jama'a da aka wajabta tun Afrilun 2019, shi ke nan, gobe yana iya zama a gaban alƙali yana wakiltar wani a shari'ar dubban fam. A Yulin 2019 kwamitin da Lord Best ya jagoranta ya ba gwamnati shawarar a kafa hukumar da za ta kula da dillalai, a tilasta musu karatu da ƙa'idar aiki. Gwamnatoci sun zo sun wuce, rahoton na nan a kan kanta. Leƙa Scotland ka ga bambanci. Can tun Disamban 2017 kotun gidaje ce ke sauraron har da ƙarar fitar da ɗan haya, kuma dillalai na wakiltar masu gidaje a gabanta kullum. Amma dole dillali ya yi rajista, dole shugabannin kamfanin su yi horo, kuma tun Janairun 2018 akwai ƙa'idar aiki da doka ta kafa, wadda mai gida ko ɗan haya zai iya kai dillalin ƙara a kanta a wannan kotu dai. Wato wanda ya zo wakilci yau, gobe ana iya kiransa ya amsa nasa. A Ingila wannan rabin ne babu.

Ba ina cewa kada dillali ya wakilci kowa ba ne. A rigimar ƙarin haya shi ya fi dacewa, ya fi lauya sanin kasuwa kuma ya fi araha. Akwai kamfanoni masu tsafta da ke zuwa da kundi a jere, shafi da lamba, su bi umarnin kotu kan lokaci, su kuma ba mai gida shawara ya sasanta idan sun ga ba nasara. Amma duk shari'ar da tambayarta ita ce wa ya yi sakaci, to dillali shaida ne, ba wakili ba, kuma mai gida ya nemi wanda ba shi da kaso a cikin laifin ya tsaya masa. Shi ma kamfanin, idan shi kansul ta ci tara, kwana 28 gare shi ya mayar da martani kan takardar gargaɗi, da wasu 28 na ɗaukaka ƙara bayan takardar ƙarshe, kuma tura ƙaramin ma'aikacin da bai san fayil ba ya je ya yi ta inda-inda ba tsimi ba ne.

Gwajin farko ma ba sai an jira wata rigima ba. Gwamnati ta ce duk mai gidan da ke da 'yan haya a tsohuwar yarjejeniya rubutacciya sai ya miƙa musu takardar bayanin sabuwar dokar kafin ƙarshen Mayun 2026, kuma rashin yin haka na iya jawo tarar da ta kai fam dubu 7. Masu gidaje da yawa za su ɗauka dillali zai aika, dillalai da yawa kuma za su duba yarjejeniya su ga ba a rubuta ba.